Wanda ya miƙa wuya ga Allah, shin bashin mutane ya sauka daga kansa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Bangalor ta ƙasar Indiya, ina shekara ta uku a karatun harhaɗa magunguna. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ɗan Hindu ne, cikin masu bautar Kirishna. Mutum ne mai kirki, ba ya shan giya, ba ya cin nama, kullum kafin ketowar alfijir yana zaune da carbinsa. Wata rana muna hira ya karanta mini baiti na 66 a babi na 18 na littafinsu Bagawad Gita, inda abin bautarsu yake cewa a bar dukkan wajibai a fake gare shi shi kaɗai, shi zai kuɓutar da mutum daga kowane zunubi. Ya ƙara da wani daga Bagawata Purana mai cewa duk wanda ya miƙa kansa gaba ɗaya, to ba baran kowa ba ne, kuma babu mai binsa bashi, ko alloli, ko malaman farko, ko dangi, ko kakanni.

Malam, wallahi ni Musulmi ne, ban yarda da Kirishna ba. Amma maganar ta shige ni. Na ga ai ma'anar Musulunci ke nan, miƙa wuya. Na ce in an cire sunan abin bautarsu aka sa sunan Allah, ai tawakkali ne tsantsa, kuma an ce hikima ɓataccen kayan mumini ce. Da na ba wani ɗan'uwa Musulmi labari ta waya, sai ya ce mu ma muna da wannan. Ya jawo ayar “wa'abud rabbaka hatta ya'atiyakal yaƙin”, wato ka bauta wa Ubangijinka har yaƙini ya zo maka, ya ce wanda ya kai ga yaƙini an ɗauke masa nauyin shari'a, manyan bayin Allah sun san haka, ba sa faɗa wa gama-gari ne kawai.

Yanzu karatun ya fita daga raina, ina so in ajiye shi in keɓe da zikiri. Ina da mata da 'ya ɗaya suna wajen mahaifiyata. Ɗan shagon da na bar wa ƙanena ne yake ciyar da su, amma na yi wata biyu ban tambayi halin da yake ciki ba. Mako uku ke nan ban ɗaga wayar mahaifiyata ba, domin muryarta tana dawo da ni duniya. Kuɗin karatun kawuna ne ya sayar da fulotinsa ya ba ni, ya ce in na gama na fara aiki in mayar masa a hankali. Ina raya dare da zikiri, wani lokaci asuba takan wuce ni, amma ba na jin nauyin hakan kamar da. Shin ya halatta in ɗauki wannan ma'ana in miƙa komai ga Allah, in ɗauka babu mai bina komai?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ɗana, sau biyu na karanta wasiƙarka. Rabinta baitocin Indiyawa ne, amma hukuncin yana cikin jimloli biyu da ka jefo can ƙarshe kamar ba komai ba: abin da kawunka ya faɗa lokacin da ya miƙa maka kuɗin fulotinsa, da abin da ka ce game da asuba. Amsar dai ita ce bai halatta ba. Miƙa wuya ga Allah ba ya sauke haƙƙin kowa daga wuyanka, kuma babu matsayin da bawa mai hankali zai taka a ɗauke masa salla.

Bari in fara yi wa maƙwabcin naka adalci, domin malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Albiruni, malamin Musulmi, ya koyi Sanskirit, harshen tsofaffin littattafan Hindu, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, har ya kawo maganganu daga wannan Gita ɗin da Larabci. Saboda haka duba abin da mutanen suke nufi ba baƙon aiki ba ne a wajenmu.

Kalmar bashi a baitin da aka karanta maka tana da dogon tarihi a wurinsu. Tsofaffin littattafansu sun ce ana haihuwar mutum da bashi uku a kansa. Na alloli, ana biyansa da hadaya. Na malaman farko da suke kira rishi, ana biyansa da karatun littattafan Beda. Na kakanni kuma ana biyansa da haihuwar ɗa wanda zai ci gaba da miƙa musu curin shinkafa da ruwa bayan sun mutu. Wani littafin ya ƙara na huɗu, bashin mutane, wanda ake biya da karɓar baƙo. Tsofaffin dokokinsu, waɗanda ake jingina wa wani mai suna Manu, sun ce sai mutum ya biya ukun nan sannan ya juya ga neman kuɓuta, wanda ya nemi kuɓuta bai biya ba ƙasa zai yi. Wani nassin nasu kuma ya ce ranar da duniya ta fita daga ran mutum, a ranar ya tafi. Ka ga su ma tun da can suke jan juna a kan wannan magana. Baitin Bagawata Purana, kashi na 11, babi na 5, baiti na 41, ya zo ne a cikin wannan jayayyar, yana ba mai bautar Kirishna mafita daga tarin hadayu da bukukuwa. Misalin da suke bugawa shi ne na wanda ya zuba wa saiwar itace ruwa, rassa da ganye duk sun sha.

Ita kuwa Gita, baiti 700 ce, hira tsakanin Kirishna da wani jarumi mai suna Arjuna a filin daga na Kurukshetara. Arjuna ya hango 'yan'uwansa da malamansa a sahun abokan gaba, ya jefar da baka, ya ce gara ya rayu da bara da ya yaƙe su. Littafin gaba ɗaya lallashinsa ake yi ya koma kan aikinsa. Baiti bakwai kacal bayan wanda ya ruɗe ka, a na 73, Arjuna ya ce shakkarsa ta gushe, zai aikata abin da aka umarce shi, kuma ya koma fagen. Mutumin da aka fara gaya wa “bar dukkan wajibai” bai fahimci cewa ya tattara kayansa ya shiga daji ba.

Babban malaminsu Ramanuja, wanda suke cewa ya rayu daga 1017 zuwa 1137, kuma ya yi shekaru a Melkote, nan cikin jihar Karnataka da kake zaune, ya fassara barin wajibai da barin kwaɗayin sakamakon aiki da barin ganin kai ne mai aikatawa, ko kuma barin dogayen kaffarorin da mutum ba zai iya ba. Mabiyansa daga baya sun rabu gida biyu. Na arewa suka ce bawa kamar ɗan biri ne, uwa tana ɗauke da shi amma dole shi ma ya riƙe ta. Na kudu suka ce kamar ɗan kyanwa ne, uwa ce take ɗaukarsa da baki, shi ba ya yin komai. Ƙungiyar Hare Kirishna, wadda daga siffar da ka bayar nake zaton ita abokinka yake bi, an kafa ta a Amurka a 1966, asalinta kuma yana komawa ga Caitanya, mutumin Bengal da aka haifa a 1486. Shi ya bar mata da tsohuwar uwa a 1510, yana ɗan shekara 24. Amma masu ba da tarihinsa da kansu sun rubuta cewa uwar ce ta zaɓa masa zama a garin Puri don ta riƙa samun labarinsa, kuma ya yi ta aika mata saƙon neman gafara a kan barin hidimarta. Sannan ban ga ka ce abokin naka ya ajiye karatunsa ba. Da alama yana jan carbinsa ya ɗauki jakarsa ya tafi aji. Kai ne ka ari rigar ka fi mai ita yafa ta.

Wannan duk bayani ne na abin da suke kai, ba na kawo shi don ya zama hujja a kanka ba. Cewa Allah ya sauko ya zama mutum, an haife shi a garin Matura, kamar yadda suke faɗa game da Kirishna, ka riga ka ce ba ka yarda da shi ba, Ƙulhuwallahu ta ishe mu. Hadisin hikima kuma Tirmizi ya ruwaito shi da isnadi mai rauni, kuma ko an karɓi ma'anarsa, ba a ɗauko halal da haram daga littafin wani addini.

Yanzu lura da abin da ya kuɓuce maka. Bashin alloli da bashin ciyar da matattu, waɗanda su ne zuciyar wancan baitin, kai tun asali ba a bin ka su. Kalmar shahada ta 'yanta ka daga gare su tun ranar da aka yi maka kiran salla a kunne. Babu aljani ko kabari ko kakan da ya mutu da yake jiran hadaya daga hannunka. Iyakar abin da ke tsakaninka da mamatanka addu'a ce da sadaka da sada zumuncinsu. 'Yancin da ya burge ka kana da shi. Basussukan da suka rage a kanka na rayayyu ne masu suna da adireshi, kuma wanda kake so ka miƙa wa wuya shi ne ya ɗora maka su. Bawa ba zai ce ya sallama wa Ubangijinsa ba, sannan abu na farko da zai yi ya yar da kayan da Ubangijin ya aza masa.

Maganar kawunka ita ce ta canza fatawar. Da a ce kyauta ya yi maka, ba ka da iyali, mahaifiyarka kuma ta yarda, da na ce maka barin karatun magunguna ba haramun ba ne, ko da zan ba ka shawarar kada ka bari. Amma ya ce ka mayar masa. Wannan rance ne. Gaskiya ne lokacin biya bai yi ba, domin a mazhabarmu ba a tilasta wa wanda ya ci rance ya biya kafin lokacin da aka sharɗanta ko aka saba. Sai dai sharaɗin da ya gindaya ya rataya ne a kan ka gama ka fara aiki, kai kuma kana shirin toshe wannan hanyar da hannunka, kana kuma ƙulla niyyar cewa ba a bin ka. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya, Allah zai biya masa, wanda ya karɓa yana nufin salwantar da ita, Allah zai salwantar da shi. Niyyarka tana gab da tashi daga rabin farko na hadisin ta koma na biyu. Wane ne ya fi shahidi miƙa kai? Ransa ya bayar. Duk da haka a Muslim an ce ana gafarta masa komai ban da bashi. Rance ƙofa biyu yake fita: ka biya, ko mai shi ya yafe da bakinsa cikin daɗin rai. In ka shiga ƙunci Allah ya umarce shi ya yi maka jinkiri, amma jinkiri ba shafewa ba ne.

Ciyar da mata da ƙaramar 'ya, da mahaifiya in ba ta da hali, wannan ka karanta shi a Risala tun kana yaro. Shagon yana iya ɗauke maka nauyin in yana tafiya, to amma wata biyu ba ka san ko yana tafiya ba. Ka kuma sani matar da miji ya yi nisa ya bar ta babu ci babu sha tana da damar kai ƙara gaban alƙali, shi kuma yana iya raba auren bayan ya ba da wa'adi. Batun wayar mahaifiya kuwa, ka tuna Juraiju. Salla yake yi, nafila, uwarsa ta kira shi ya zaɓi sallar, kuma addu'ar da ta yi a kansa ta kama shi. Kai ba ma a cikin salla kake ba, wayar ce take ƙara kana kallonta.

Na zo kan maganar ɗan'uwan da ya jawo maka aya, kuma a nan zan daɗe, domin ita ta fi baitin Indiyawa haɗari a gare ka. Wancan ka san daga waje ya zo. Wannan kuwa ya sa rawani ya shigo da Alƙur'ani a hannu.

Yaƙini a wannan ayar ta ƙarshen Suratul Hijri mutuwa ce. Haka Bukhari ya kawo daga Salimu ɗan Abdullahi ɗan Umar, haka malaman tafsiri suka tafi a kai. Alƙur'ani ma ya fassara kansa. A Suratul Muddassir 'yan wuta suna cewa ba ma cikin masu salla, muna ƙaryata ranar sakamako, “hatta atanal yaƙin”, har yaƙini ya zo mana. Ka tambayi ɗan'uwan nan: waɗannan ma sun kai ga ma'arifa ne? Lafazi ɗaya ne, fi'ili ɗaya. Sannan ga Usmanu ɗan Maz'unu. Shi ne sahabin da ya nemi izinin barin mata ya keɓe da ibada, Annabi (SAW) ya hana shi. Ranar da ya rasu Annabi ya ce game da shi: shi kam yaƙini ya zo masa. Mutum ɗaya ya amsa maka tambayoyinka biyu, da rayuwarsa da mutuwarsa.

In da akwai matsayin da ake sauke nauyi, wa zai riga Annabi (SAW) isa? A ciwon ajalinsa aka fito da shi tsakanin mutum biyu, ƙafafunsa suna jan ƙasa, zuwa salla. Annabi Isa yana cikin zanin goyo ya ce Allah ya yi mini wasiyya da salla da zakka muddin ina raye, kuma in kyautata wa mahaifiyata. Dubi yadda aka jera maka su a wuri guda, salla har mutuwa, sannan uwa.

Masu wannan ra'ayi sukan fake da abu uku, kuma ina zaton ɗan'uwan nan zai kawo maka su ɗaya bayan ɗaya in ka koma masa. Na farko ƙissar Halliru da Annabi Musa, wai ga bawan da ya fasa jirgi ya kashe yaro saboda ilmin ɓoye. To shi da kansa ya ce ban aikata shi da ra'ayina ba, umarni aka yi masa, kuma Musa an aiko shi ne ga Bani Isra'ila, Halliru ba ya ƙarƙashin shari'arsa. Annabi Muhammadu (SAW) kuwa ga mutum da aljan aka aiko shi, wahayi ya yanke, babu wanda zai ce yau yana da takardar izini ta daban. Ƙurɗubi ya yi wa masu wannan da'awar raddi mai zafi a tafsirin wurin. Na biyu maganar mutanen Badar, “ku aikata abin da kuka so, na gafarta muku”. Wannan bushara ce da gafarar Lahira, ba ta cire su daga hukunci ba. Misɗahu ya halarci Badar, an yi masa haddin ƙazafi a zamanin Annabi. Ƙudamatu ɗan Maz'unu, ɗan'uwan Usmanun da na ambata, shi ma ɗan Badar ne, ya sha giya yana tawili da wata aya ta Suratul Ma'ida, Umar ya ce masa ka kuskure tawili, ya yi masa bulala. Na uku majazubai, waɗanda ake gani a gari ba sa salla ana cewa waliyyai ne. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami saboda hankalin ya tafi, kamar mai barci da jariri, babu wata daraja da ta jawo masa hakan. Kuma ko shi, in yana da dukiya, daga cikinta ake ciyar da matarsa a biya bashinsa. Ka ga haƙƙin mutane ko hauka ba ta goge shi. Kai kuma da ka rubuto mini wasiƙa da lambar babi da ta baiti, ba na jin za ka shiga wannan sahun.

Cewa manyan bayin Allah sun san haka suna ɓoyewa, ƙarya aka yi musu. An faɗa wa Junaidu cewa masu ma'arifa sukan kai inda za su bar ayyuka, ya ce wanda yake sata yana zina ya fi mai wannan magana kyawun hali, kuma da zai rayu shekara dubu ba zai rage ƙwayar zarra daga ayyukan alheri ba sai in an shiga tsakaninsa da su. An tambayi Abu Aliyu Ruzbari game da mai cewa ya isa matsayin da haram ba ta yi masa illa, ya ce e ya isa, amma wutar Saƙara ya isa. Shehu Abdulƙadir Jilani an ruwaito cewa wani haske ya cika masa sararin sama, murya ta ce ni ne Ubangijinka, na halatta maka abubuwan da aka haramta, ya ce tafi can la'ananne. Da aka tambaye shi yadda ya gane, ya ce da cewar da ya yi na halatta maka haram. Alƙali Iyal kuma a cikin Ashafa, wadda ake karantawa a masallatanmu duk shekara, ya lissafa cewa tsarkin zuciya yana kai mutum ga faɗuwar farillai a cikin maganganun da Musulmi suka haɗu a kan kafircinsu. Ban kafirta ka ba, ban kuma kafirta wancan ɗan'uwan ba, domin shubuha ce ta shige ku kuma ka zo tambaya. Amma maganar ita kanta wannan ne matsayinta, kuma yanzu ka ji.

Shi ya sa jimlarka ta asuba ta fi komai tayar mini da hankali. Wanda barci ya rinjaya ba shi da laifi, ya yi sallar in ya farka. Wanda ya san rayar da darensa ita take cinye masa farilla ya ci gaba, ya sayar da uwar kuɗi ya riƙe riba. A Muwaɗɗa, Umar ya nemi Sulaimanu ɗan Abu Hasma a sallar asuba bai gan shi ba, ya tambayi mahaifiyarsa Shifa'u, ta ce ya kwana yana salla ne barci ya kwashe shi. Umar ya ce in halarci asuba a jam'i ya fi soyuwa gare ni da in tsaya dare guda. Jam'i kawai ya kuɓuce wa wannan, kai lokacin ne gaba ɗaya. Rashin jin nauyin da kake ɗauka alamar isa ce, ni a wurina alamar ciwo ce, kamar ƙafar da ta daina jin ƙaya. Ka lissafa asubahin da suka wuce ba ka rama ba, ka rama su. Ka rage zikirin dare zuwa abin da ba zai hana ka tashi ba.

Akwai maganar Ibnu Aɗa'illahi, Bamalike ne kuma sufi, da nake so ka rubuta ka liƙa a bangon ɗakinka: son ka keɓe ka bar sababai alhali Allah ya tsayar da kai a cikin sababai, ɓoyayyiyar sha'awa ce. Ɗana, ka bincika zuciyarka da gaskiya. Shekara uku a ƙasar da ba taka ba, abinci ba naka ba, harshe ba naka ba, karatu mai nauyi, ga fulotin kawu yana yi maka gizo duk lokacin jarrabawa. Mutum a irin wannan hali in ya ji an ce babu mai binka komai, dole maganar ta yi masa daɗi. Ban zarge ka ba. Amma gajiya daban, zuhudu daban. Abubuwan da ka lissafa, rashin barci da dare, gudun muryar waɗanda kake so, fitar sha'awar abin da ka tsallaka teku dominsa, likitoci suna ganinsu a ciwon damuwa. Ni ba likita ba ne, kai ne ma kake kusa da su. Ka je a duba ka, babu abin kunya a ciki, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Ka kuma tuna bizarka ta karatu ce. In ka bar makaranta ka ci gaba da zama, ka zama mai zaman da ya saɓa doka, kuma tsalle ɗaya ake yi a faɗa wannan rijiyar.

Abokin zamanka ka ci gaba da kyautata masa, kada ka zagi abin bautarsa, Allah ya hana mu wannan a Suratul An'am. Abincin ganye da hatsi da ya dafa don ci, ka ci. Wanda aka fara ajiyewa gaban gunki, wanda suke kira farasad, ka ba shi haƙuri ka bar shi. Kada ka zauna a da'irar waƙen bautarsu, kada ka maimaita kalmomin da suke ja a carbi ko da wasa, domin kiran sunayen abin bautarsu ne. Muhawarar addini da shi kuma ka dakata da ita tukuna, guzurinka bai kai ba. In tashinsa kafin alfijir ya burge ka, to ya zama ya tashe ka ka tafi masallaci. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun haura miliyan 170, Bangalor kuma cike take da masallatai, ka nemi ɗaya kusa da kai ka lazimci sahunsa, a san fuskarka. Wancan ɗan'uwan na waya ka tura masa wannan amsa. In ya karɓa, alhamdu lillahi. In ya ce malaman zahiri ba za su gane ba, ka daina ɗaukar addini a wurinsa.

Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka kira mahaifiyarka. Kada ka yi mata bayanin Gita ko yaƙini, ka ce Inna na yi kuskure ki yafe mini, sannan ka sa a ba matarka wayar. Gobe ka kira ƙanenka ku yi lissafin shago. In bayan ka ga likita, ka huta, ka daidaita sallarka na wata biyu ko uku, har yanzu kana ganin ba za ka iya ƙarasa karatun ba, to ka kira kawunka ka faɗa masa gaskiya, ku yi magana a kan yadda za ka biya shi ta wata hanyar, a rubuta, a sa shaidu. Ka sake rubuto mini abin da ya ce, domin hukuncin barin karatun zai dogara ne a kan amsarsa.

Wallahu a'alam.